Dattawa masu ɗaga ƙarfe: yaushe ya kamata a yi tafiya da kaya?

Iyayenmu na Jos da suka haura shekara 60 kuma ba su ajiye ɗaga ƙarfe ba, Allah ya ƙara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, da na kare kai daga faɗuwa kwana 3. Akwai atisaye ɗaya da ke taɓa duka biyun: a riƙe nauyi a hannu, a miƙe, a yi tafiya da shi. Yana ƙarfafa damƙa da kafaɗa da gadon baya, yana koya wa ƙafa tsayuwa.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin yinsa.

A bar shi sai ƙarshen atisayen ranar. Damƙa ce ke fara gajiya, kuma idan yatsu suka saki tun farko, duk wani jan ƙarfe da zai biyo baya da raunanan hannu za a yi shi. A nan ƙarfe ke suɓucewa, ƙugu ya karɓi aikin da ba nasa ba. Ranar da aka ɗaga ƙarfe mai nauyi daga ƙasa, a rage kayan tafiyar ko a ɗage ta zuwa wata rana, domin baya ya riga ya biya nasa kason.

Kwana biyu a mako ya wadatar ga tafiya da kaya, kamar Litinin da Alhamis. Jikin dattijo yana ginuwa, sai dai yana son hutu fiye da na saurayi. Sawu 3, kowanne mita 20 zuwa 30, da hutun minti 2 a tsakani. Wanda ba shi da ƙarfe ya samu galan biyu: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita 5 a kowane hannu mafari ne mai kyau. A fara ƙara nisa kafin a ƙara nauyi. Da zarar kafaɗa ta karkace, ko taku ya koma jan ƙafa, sawun ya ƙare.

Abin da na fi so a riƙe shi ne lissafin aikin gida. Baba, idan da safe ka hau tudun Unguwar Rogo da jarka mai lita 25, ka yi atisayen ranar har da ƙari. Mama, kayan miyar da kika ɗauko daga Farin Gada su ma suna cikin lissafi.

Sanyin Disamba da Janairu a garin nan ba wasa ba ne. Kada a fito daga bargo a cafki ƙarfe. A yi tafiyar minti 10 tukuna, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba. Da azumi kuwa sai bayan an sha ruwa an huta.

Kada a riƙe numfashi, domin yana harba jini sama nan take. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko gwaiwa ya fara ganin likita. Ciwon ƙirji, jiri, ko zogin da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa: a ajiye kaya, a nufi asibiti a ranar.