Zara da Gamzaki abu ɗaya ne fa

Jama'a da yawa sun ɗauka Zara matar wata da muke gani bayan magariba daban, Gamzaki na asuba shi ma daban. To wallahi abu ɗaya ne, kuma ma ba tauraro ba ne, duniyar Zuhura ce da Turawa ke kira Venus, ba ta da hasken kanta, na rana ne ke dukan gajimaren da ya lulluɓe ta shi ya sa take walƙiya haka. Wani lokaci ta bi bayan rana da yamma, bayan watanni kuma ta riga ta fitowa da asuba. A 1610 wani masanin taurari mai suna Galileo ya saita madubin hangen nesansa a kanta a Italiya, sai ga ta tana cika tana ragewa kamar wata, ya gane ashe rana take zagayawa.