Ba kowace ƙwayar da ke hanji ce cuta ba

A Zariya, da ciki ya ɗan yi ƙugi sai a garzaya kemis a sayi Flagyl, wai a kashe ƙwayoyin cuta. Alhali galibin bakteriyar hanji aiki suke mana: su ke sarrafa ɓawon wake da dusar gero da cikinmu ya kasa narkarwa. Shan magani barkatai har su yake kashewa.

Motsa jiki ma yana tasiri a kan waɗannan bakteriya. A 2014, masu bincike a Ailan sun gano 'yan wasan rugbi sun fi sauran mutane nau'o'in bakteriya a hanji, kodayake cimarsu ma daban ce, ba gudun kaɗai ba. A 2019 kuma aka ga wata bakteriya mai suna Veillonella ta ƙaru a hanjin masu gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka, ita kuwa tana cin sinadarin laktet da tsoka ke fitarwa.