Tseren babur a daji: dokokin da ke kan ɗan dagaji, can da nan

Ɗan ƙanwata yana koyon gyaran mashin a wani gareji a Tudun Wadar Gusau. Ranar wata Juma'a da la'asar ya miƙo mini wayarsa, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Kawu, dubi mutanen nan. Ba ɗan sanda, ba ɗan rodisefti, kowa totur kawai yake murɗawa." Na duba. Turawa ne bisa dogayen babura masu taya kamar haƙoran zarto, suna kutsawa tsakanin itatuwa, taɓo ya rufe su har ba a gane launin rigarsu. Na ce masa, "Yaro, abin da kake kallo ya fi titin Gusau zuwa Funtuwa yawan doka. Ba a nuna maka littafin ba ne."

Bidiyon daga gasar GNCC ta Amurka yake, tseren da ake yi a dazukan gabashin ƙasar. Asalinta wani tsere ne da Dave Coombs ya shirya a garin Davis na jihar West Virginia a 1975, ana ce masa Blackwater 100. Ƙungiyar masu babura ta Amurka, AMA, wadda aka kafa a 1924, ita ke sa wa gasar albarka, kuma sai da katinta ake shiga. Mafi yawan waɗanda ke cika filin ba ƙwararru ba ne. 'Yan dagaji ne: makanikai, malaman makaranta, direbobi, mutanen da ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu su koma aiki ran Litinin. Dokokin da zan yi fashin baƙinsu domin irin waɗannan aka fi rubuta su.

Doka ta farko ita ce ta aji. Ba a haɗa kowa da kowa. Ana raba mahaya gida uku bisa gwaninta: A na gwanaye, B na tsaka-tsaki, C na sababbin shiga. Sannan a sake raba su bisa girman inji, da kuma shekaru, akwai ajin 'yan 30 zuwa sama, na 'yan 40, na 'yan 50. Wanda ya yi ta cin ajinsa ana ɗaga shi sama ko bai so ba, kuma ba ya da ikon saukowa don ya riƙa kwashe kofi a hannun 'yan koyo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A filin dambe ba a haɗa sabon ɗan dambe da wanda ya shekara goma yana kisa, kuma duk sarkin damben da ya yi haka za a ce ba ya tsoron Allah. A GNCC har lokacin ma an raba: 'yan dagaji na yin awa 2 da hantsi, ƙwararru da gwanaye su yi awa 3 bayan azahar.

Tashin ma da ƙa'idarsa. Ana jera su sahu-sahu, kowane aji da sahunsa, inji a kashe. Sai an ɗaga tuta kowa zai tayar da nasa, kuma tsakanin sahu da sahu akwai tazarar minti guda. Dalilin kashe injin shi ne mutane su warwatsu tun daga farko, kada babur talatin su isa bakin ƴar siririyar hanya a lokaci ɗaya. Hanyar tseren zagaye ce da ake ta maimaitawa; wanda ya fi yawan zagaye cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci, kuma wata ƴar na'ura da ke jikin mahayi ce ke ƙirga masa duk sanda ya wuce wurin lissafi.

Inda na fi daɗewa da yaron nan shi ne dokar hanya, domin nan ne mai kallo a waya ke ruɗuwa. Yana ganin daji, sai ya ɗauka ko'ina ka bi daidai ne. A'a. Kafin ranar tsere masu shiri sun bi dajin sun manna kibiyoyi a jikin itatuwa. Kibiya ɗaya tana nuna maka inda za ka nufa, kuma an yarda ka kauce mata har ƙafa 25, kusan mita 7 da rabi, don ka zaɓi layin da ya fi maka sauƙi, ka kauce wa saiwa ko rami. Amma in ka ga kibiyoyi biyu-biyu a dama da hagu, ko igiya a ɗaure, dole ka bi ta tsakaninsu, babu zaɓi. Alamar X na nufin hatsari a gaba, kwazazzabo ko gangara mai tsanani. W na nufin ka ɓata, ka juya. In ka fita daga hanya, inda ka fita nan za ka koma ka shiga. Yanke hanya ba ya halatta, hukuncinsa daga rage maka matsayi har zuwa kora daga tseren. Rangwame ɗaya ake yi: in hanya ta cushe, misali babura sun maƙale a taɓo sun tare wurin, za ka iya zagayewa, amma ka koma kan hanya da zarar ka wuce cunkoson. Kuma komai ya faru, ko hularka ce ta faɗi, ba ka juyawa ka tunkari masu zuwa. A ganina wannan ita ce doka mafi nauyi a littafin duka. Mahayin da ke fitowa daga bayan kwana bai ga komai ba sai ganye, ya dogara ne kacokan da cewa babu mai zuwa ta gabansa.

Ba a kuma yarda ka hau babur ka gwada hanyar kafin tsere ba. Da ƙafa ko da keke ake dubawa.

Sai kayan jiki da na mashin. Hular kwano mai shaidar inganci, tabarau na rufe ido, takalmi mai tsawo da ke kare ƙwauri. Salansa dole ta kasance a jiki, kuma akwai iyakar ƙarar da aka yarda da ita. Na faɗa wa yaron haka da gangan, domin na san samarinmu na huda salansa su ce mashin ya ƙara ƙarfi. A dazukan gwamnati na Amurka har ragar tare tartsatsi ake tilasta sa wa a salansa, saboda gobara. Wanda ya taɓa ganin wutar daji ta ci ciyawa da karmami a watan hunturu a ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Babur ɗin da ka tashi da shi, da shi za ka gama, ba musanya. In an kafe sakamako kana da ƙorafi, minti 30 gare ka ka kai, bayan nan magana ta ƙare.

Akwai wani nau'in tseren da ake kira enduro, wanda ya girmi wannan nesa. Babbar gasarsa ta kwana shida an fara ta a Carlisle ta Ingila a 1913. A tsohon salon da ake yi a Amurka, agogo ake bi: an ba ka lokacin da za ka isa kowane shinge. Ka makara da minti ɗaya, a ci ka maki 1. Ka riga lokacinka da minti ɗaya, a ci ka maki 2, kowane ƙarin minti kuma maki 5. Wato an fi hukunta mai garaje a kan mai nawa.

Takardar da ake sa wa hannu a bakin ƙofa ita ce 'yan dagaji ba sa karantawa. Tana cewa ka san wasan na iya karya ka ko ya kashe ka, ka kuma shiga da yardarka. Kuɗin asibiti a wuyanka yake. Yaron da bai kai 18 ba, sai mahaifi ko waliyyi ya sa masa hannu.

To, mu dawo gida, domin tambayar da yaron ya yi ke nan: "Kawu, me zai hana mu yi namu a nan? Ga daji har ya yi yawa."

Abu na farko, titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Mai hawa babur a titin gwamnati yana bukatar lasisi mai aji A, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 18 ba. Babur ya zama da rajista da lamba. Hular kwano wajibi ce, an fara tilasta ta a faɗin ƙasa ranar 1 ga Janairu 2009. Wasan da samari ke yi a rakiyar amarya, ɗaga tayar gaba da kwanciya bisa kujera a tsakiyar jama'a, a idon doka tuƙin ganganci ne, ba tsere ba. Na ga wata yarinya ƴar talla da irin wannan wasa ya karya wa cinya, tiren gyaɗarta a watse a kwalta. Ita ba ta sa hannu a takardar kowa ba.

Na biyu, ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. Abin da ɗan birni ke kira daji, in ka tambayi mai gari zai nuna maka gonar wane, makiyayar wane, burtali, labi, maƙabarta, da gandun dajin gwamnati. Shiga gonar mutum ba izininsa laifi ne, ɓarnar amfanin gona kuma biya ake yi. Su ma Amurkawan da ke cikin bidiyon a filin da mai shi ya ba da izini suke.

Na uku shi ne mai nauyin, kuma ba ni jin daɗin rubuta shi. A Zamfara babur a daji ba alamar wasa ba ce. A watan Mayun 2019 rundunar sojan ƙasa ta hana hawa babura a dazukan jihohi bakwai, har da Zamfara da Kebbi, saboda da su 'yan bindiga ke kai hari. Daga 1 ga Satumba 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana ɗauko itace daga daji, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Yulin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a umarnin hana babura fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ana sassauta irin waɗannan matakai ana tsaurarawa gwargwadon halin da ake ciki, don haka mai kowane shiri ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji wanne ke aiki a yankinsa. Amma ka auna da kanka abin da tseren daji ke bukata: ayarin babura, jarkokin fetur a bakin hanya, mutane rufe da fuska, ƙura na tashi tsakanin itatuwa. Ƙauyen da ya hango haka gudu zai yi, mata su bar tukunya a wuta. Sojan da ya hango haka ba zai tsaya neman kibiya a jikin itace ba. Dajin Kuyambana ko na Sububu kuwa, ko maganarsu ba ta tasowa.

Duk da haka ban kashe masa gwiwa ba, domin sha'awarsa ba laifi ba ce, kuma na fi son ta samu wurin zuwa. Maƙwabtanmu na Kebbi sun nuna ana iya yin wasan inji da izinin hukuma: bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali a 1934, an haɗa shi da gangamin motoci daga Abuja a 2020. Abin da zai yiwu a nan shi ne fili killatacce a gefen gari, tsohon ramin da aka ɗebi jar ƙasa ko fegin da mai shi ya yarda a rubuce, da rana tsaka, da sanin ƙaramar hukuma da 'yan sanda da hakimi. A ja igiya a raba 'yan kallo da hanya, a ajiye mota da ma'aikacin lafiya, a raba aji, a ƙi karɓar duk wanda ba hula.

Yaron shekararsa 17. Na ce masa ko a can ne sai ubansa ya sa hannu, a nan kuma sai baɗi zai iya neman lasisi. Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da hular kwano mai kyau, ba irin ta robar da 'yan kabu-kabu ke ratayawa a kan mashin ba. Mun yi alkawari ran Asabar za mu shiga kasuwa mu tambaya.