Idan mai gini ya ninka kuɗin hayar shago, me doka ta ce?

A ce tela ne yake haya a Tudun Wada, shekara biyar yana biyan dubu 200. Saura wata guda kuɗinsa su ƙare sai dillali ya zo da saƙo: daga bana dubu 450 ne, in ba zai iya ba ya kwashe kekunansa. Da yawa a Zariya suna ɗauka cewa tunda ginin na mai shi ne, maganarsa ce yanka. A wurin doka ba haka abin yake ba.

Haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, don haka ɗaya ba zai sauya farashi shi kaɗai ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan a shari'ar Udih da Izedonmwen a 1990: ƙarin da mai gini ya yi ba tare da amincewar ɗan haya ba tayi ne kawai, kuma tsohon kuɗin ne ke aiki har sai an daidaita. Amma fa kada tela ya yi saurin murna. Ƙin amincewa ba ya ba shi damar zama har abada, domin mai gini yana iya ba shi notis ya tashi. Inda takardar yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba shi ne wata shida ga mai biyan shekara, wata guda ga mai biyan wata, sannan a ƙara takardar kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Garƙame shago da kwaɗo ko yaye kwanon rufi kuwa ɗaukar doka a hannu ne, Kotun Ƙoli ta haramta shi tun 1986 a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, kuma mai yin sa yana iya biyan diyya.

To yaya ake gane kuɗin da ya dace? Dokar haya ta jiha ce, kowace da tata. Ta Legas ta 2011 ta fito fili: ɗan haya zai iya roƙon kotu ta ayyana ƙari a matsayin wanda ya wuce kima, alƙali ya duba abin da ake biya a unguwar, da bayanin shaidu, da yanayin ginin. Wannan doka ba ta aiki a Kaduna, sai dai ma'aunin ba baƙo ba ne a nan. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ujratul misli, wato ladan da ake biya wa irin abin, inda ba a ambaci kuɗi ba ko yarjejeniyar ta ɓaci. Shagon bakin titi a PZ, unguwar kasuwanci a Zariya, ba ɗaya yake da na cikin lungu a Samaru ba, ko da faɗinsu ɗaya. Ana duba zirga-zirgar masu saye, da wuta, da wanda ya yi gyara da kuɗinsa.

A ganina nan ne 'yan haya suka fi yin sakaci. Mutum ya zuba tayil, ya sa ƙofar ƙarfe, ba rasit ba shaida, sai ranar rigima ya ce ai kowa ya sani. Alƙali takarda yake so, ko maƙwabcin da zai faɗi nawa yake biya, ko rahoton ƙwararren mai kimanta gine-gine. Shi ya sa 'yan kasuwar Sabon Gari da dama ke fara kai magana gaban shugabannin kasuwa, waɗanda suka san kuɗin kowane layi, a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu.