Kasuwar kabon: cinikin hayaƙin da bai tashi ba

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a unguwar Aboabo a nan Gana, muna zaune a rumfar wani dattijo mai goro sai rediyo ya ce Gana tana sayar wa Suwizalan kabon. Dattijon ya dakata da yayyafa wa goronsa ruwa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, shi wannan kabon a buhu ake auna shi ko a kwano?" Na ce, "Baba, a tan ake auna shi, amma ba a lodinsa a mota." Ya ce, "To ai cinikin biri a sama ke nan."

Bai yi nisa da gaskiya ba. Kabon dai ita ce iskar da ke fita idan an ƙona fetur, gas, gawayi ko itace. Ita da 'yan'uwanta suna taruwa a sama su riƙe zafin rana kamar bargo, abin da ake kira ɗumamar yanayi. A kasuwar kabon, hayaƙin da aka hana shi tashi ake saye. Duk tan ɗaya da aka tabbatar an hana, sai a yi masa takardar shaida guda, takardar ita ce hajar.

Me zai sa Bature ya zuba kuɗinsa a haka? Saboda sama guda ce. Tan ɗin da ya tashi daga Kumasi da wanda ya tashi daga Janiba ta Suwizalan wuri ɗaya suke haɗuwa, amma hana shi ya fi araha a nan. A Yarjejeniyar Paris ta 2015 kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin abin da za ta rage, a lantarki, sufuri, masana'antu, noma da daji. Sashe na 6 ya ba ƙasa damar biyan kuɗin aikin ragewa a wata ƙasar, ta lissafa sakamakon cikin nata alkawarin. Gana da Suwizalan sun sa hannu kan irin wannan a Nuwamban 2020, daga baya Suwidin da Singafo suka biyo.

Aikin farko da Gana ta amince da shi, a taron yanayi na Masar a 2022, na shinkafa ne, kuma shi ya fi burge ni. Idan aka bar ruwa ya kwanta a gona tun dashe har girbi, ciyayin da ke ruɓewa a ƙarƙashinsa suna fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ta ninka kabon riƙe zafi kusan sau 28. Dabarar ba wuya. Manomi zai kafa guntun bututu mai huje-huje a gona, ya janye ruwa, ya riƙa leƙawa ciki. In ruwan ya nutse kamar santimita 15 ƙasa da doron gona, sai ya sake buɗe masa hanya. Shinkafa ba ta ji komai ba, ruwa ya yi saura, metan ya ragu. Wannan ragin ne ake sayarwa.

Akwai kuma na daji, a yankinmu na koko (na cakulan nake nufi, ba na safe da ƙosai ba). A Janairun 2023 Bankin Duniya ya biya Gana dala miliyan 4.8 saboda tan 972,456 da aka hana fita ta hanyar rage sare itatuwa. Tsarin wannan daban ne da na Suwizalan, amma yi lissafi ka ji farashi: dala 5 kowane tan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar littafi. Tan ɗin da Gana ta sayar ƙarƙashin sashe na 6 dole ta cire shi daga nata lissafin, don kada ƙasa biyu su yi taƙama da abu ɗaya. Ba ka sayar da rago kuma ka yi layya da shi. Ofishin kasuwar kabon da ke ƙarƙashin hukumar kare muhalli, EPA, shi ke riƙe da rajistar. Tsorona a nan shi ne mu sayar da ragin da ke da sauƙi da araha, mu bar wa kanmu mai tsada lokacin da namu alkawarin ya zo cika.

Shi kuwa birin Baba, a wurin awo yake. Ɗauki murhun zamani mai cin gawayi kaɗan, wanda shi ma ana samun takardun kabon da shi. A takarda an rubuta cewa mai waakye (shinkafa da wake) ta koma sabon murhu. Ranar suna kuwa, da tukunya ta yi girma, sai ta jawo duwatsunta uku ta hura itace. Idan masu bincike ba su zo sun auna gawayin da ake ƙonawa da gaske ba, an sayar da tan ɗin da bai ragu ba, shi kuma mai saye ya ci gaba da fitar da nasa da lasisi a hannu.

Da na kai nan Baba ya fasa goro ya miƙo mini ɓari, ya ce, "To ita mai waakyen, cikin dalar nan sidi nawa ke isa hannunta?"