Dokar jarrabawar bai ɗaya a Amurka da halin da ta jefa makarantun gwamnati

A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ilimi mai suna No Child Left Behind, wato kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Ta wajabta wa duk jihar da ke karɓar tallafin tarayya ta yi wa ɗaliban makarantun gwamnati jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, daga aji 3 zuwa aji 8, sai kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma yanke wa'adi cewa zuwa 2014 kowane ɗalibi ya zama ya ƙware.

Dokar tana da alherinta. Ta sa dole a ware sakamakon 'ya'yan talakawa, da na masu nakasa, da na masu koyon Turanci, don kada makaranta ta fake da makin masu ƙoƙari ta ɓoye waɗanda aka yi watsi da su.

Wajen hukunci ne gizo ke saƙa. A zamanin dokar, makarantar da ke cin tallafin tarayya na 'ya'yan talakawa, in ta kasa cika ƙa'idar makin jarrabawar shekara biyu a jere, iyaye na da damar mayar da 'ya'yansu wata. In abin ya kai shekara biyar, ana iya sauya malamanta ko a miƙa ta ga wasu su gudanar. To, malamin da abincinsa ya rataya a kan maki, me zai koyar? Makarantu da dama suka rage lokacin tarihi da zane da kiɗa, yara suka koma atisayen cike gurbin amsa da fensir. Hankali ya karkata ga yaron da saura ƙiris ya haye, wanda yake can baya kuwa aka ƙyale shi, alhali dominsa aka yi dokar. Wannan shi ya fi ci mini rai.

A birnin Atlanta abin ya kai ga maguɗi. Binciken jihar Jojiya na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a badaƙalar goge amsoshin yara ana gyarawa, kuma a 2015 kotu ta sami 11 da laifi.

A Disambar 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar Every Student Succeeds Act (ESSA), wato kowane ɗalibi ya yi nasara, da ta maye gurbin No Child Left Behind. Hukunta makaranta ya koma hannun jihohi, amma jarrabawar shekara-shekara tana nan daram.