Gyara da sake haɗa akchuweta da fozishina na bawul mai aiki da iska

Bawul ɗin kwantirol shine wanda ke rage ko ƙara yawan ruwa, gas, tururi ko man da ke bi ta bututu a masana'anta, kuma ba hannun mutum ke juya shi ba, iska ce mai matsi daga kwamfiresa. Abinda ke tura sandar bawul ɗin sama da ƙasa shi ake ce ma akchuweta. Ɗan akwatin da ke maƙale a gefensa kuma fozishina, shi ke karɓar sigina daga ɗakin kwantirol ya duba inda sandar take, in bata kai ba ya ƙara iska in ta wuce ya rage. A da siginar iska ce daga psi 3 zuwa 15 (psi ma'aunin matsi ne), yanzu yawanci ta lantarki ce, mA 4 zuwa 20 (wato miliamfiya, ma'aunin lantarkin).

A Legas irin wannan aikin na masu instrumen ne, wato masu kula da na'urorin awo da kwantirol, a wurare kamar matatar Dangote ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023, tashar wutar Egbin ta Ikorodu mai megawat 1,320, da kamfanonin Ikeja da Apapa. Sunayen da aka saba gani a jikin kayan su ne Fisher, Samson, Masoneilan da Siemens.

Akchuwetan da yafi yawa shine mai dayafiram, wato faifan roba da iska ke turawa, da sifirin, iska ta tura ta gefe ɗaya sifirin ya mayar ta ɗayan, shi yasa in iska ta ɗauke wani bawul ɗin rufewa yake wani kuma buɗewa, ya danganta da yadda aka tsara shi tun farko dan kare layin.

Kafin a taɓa komai sai an karɓi famit, wato takardar izinin aiki, an rufe layin gaba da baya, an sauke matsin ciki, an cire iska da sigina. Toh babban haɗarin yana wajen sifirin ne, dan a matse yake da ƙarfin da zai iya cilla murfin a fuskar mutum, saboda haka ana sassauta shi tukunna, a irin masu sifirin da yawa kuma dogayen boltin su ne na ƙarshen kwancewa, a hankali ana zagayawa. Mai hankali yana sa alama a bakin murfi, ya ƙirga zaren da ke wajen mahaɗin sanda, ya ɗau hoto da waya, in ba haka ba wajen haɗawa ne za'a sha fama. Sai a duba dayafiram ko ya tsage ko ya bushe, zoben roba, sandar ko ta karce ko ta lanƙwashe, da fakin, wato abin da ake cusawa kewaye da sandar bawul dan hana yoyo. Zoben roba dai canjawa ake, mayar da tsoho arha ce mai tsada.

Wajen haɗawa ana ɗaure boltin murfi a gicciye ba a jere ba dan kar dayafiram ya naɗe, a saita sifirin daidai da lambar da ke jikin farantin akchuweta tun kafin a jona shi da bawul, kuma ba'a juya sanda alhali fulogi, wato kan da ke toshe hanyar ruwa a cikin bawul, na zaune a mazauninsa, karce shi zai yi bawul ya fara yoyo. Ruwan sabulu ya isa gwajin zirarar iska.

Fozishina shine na ƙarshe. A ɗaure hannun da ke bin sanda da kyau, a bada mA 4, 8, 12, 16, 20 a gani ko bawul na tsayawa a kashi 0, 25, 50, 75 da 100, a hau sannan a sauko. Na zamani suna saita kansu da kansu, amma fa basa gyara fakin da aka matse da yawa.

Kuma gaskiya sau da yawa ana ɗora ma fozishina laifin da ba nasa ba. Legas gari ne mai laima, ga gishirin teku yana cin ƙarfe musamman ta wajen Lekki da Apapa, in na'urar busar da iska bata aiki ruwa da mai sai su taru a filta ragileta, wato na'urar da ke tace iska da daidaita matsinta, su toshe ɗan ramin cikin fozishina, bawul ya riƙa rawa ko nauyin motsi, a canjo sabo da tsada bayan ɗan lokaci shima ya koma haka. Guntun tef ɗin Teflon ma yana toshe shi, shi yasa kamfanoni da dama ke hana sa shi a layin iska. Kafin a mayar da bawul kan aiki sai an yanke iskar an ga ya tafi inda aka tsara masa, a rubuta sakamakon a takardar gyara.